Yadda Maniyyaci Zai Haɗa Kayan Tafiya da Na'urorin da Za Su Amfane Shi a Ƙasa Mai Tsarki

Mafi yawan maniyyata, na Hajji ne ko na Umara, babbar jaka ce take cinye musu hankali, har ka ga an shafe mako ana cusa garin kunu da yaji da kuka da tufafi kala goma, ana zama a kan murfin domin zif ya rufu. Sai dai duk wanda ya taɓa sauke farali ya san cewa daga ranar 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, wato kwanakin Minna da Arfa da Muzdalifa, wannan babbar jaka tana kulle a masauki a Makka, kuma abin da mutum ya rataya a wuya ko ya goya a baya shi kaɗai ne zai amfane shi. Saboda haka shirin da ya dace yana farawa ne daga abin da zai kasance a jikinka, sai jakar hannu, sannan babbar jaka ta zo a ƙarshe.

Mataki na farko: takardu, tun saura wata guda

Ka buɗe fasfo ɗinka ka duba ranar ƙarewarsa, domin ana bukatar ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka duba katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, ka tabbatar an rubuta allurar sanƙarau, wadda Saudiyya ta shar'anta a yi ta aƙalla kwana goma kafin shiga ƙasar, da ta shawara, wadda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Bayan haka ka ɗauki hoton shafin fasfo mai hotonka da biza da katin rigakafi, ka ajiye a wayarka, ka tura wa wani amintacce a gida, sannan ka yi kwafi biyu a takarda, ɗaya a jakar hannu ɗaya a babbar jaka. Kada a raina kwafin takarda don ana da waya, domin ranar da ake bukatarsa ita ce ranar da wayar ta mutu ko ta ɓata.

Akwai kuma wata takarda da babu hukumar da za ta ba ka. Ka sami kati mai kauri, ka rubuta sunanka da jiharka da lambar shugaban tawaga da lambar wani ɗan uwa a gida, da ciwon da kake fama da shi idan akwai, ka bar gurbin sunan masauki har ka isa. Idan za ka sami wanda zai rubuta maka shi da Larabci a ɗaya gefen, ya fi, domin askarin da zai taimaka maka a bakin Harami ba lallai ne yana karanta boko ba. Wannan kati da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na hukumar Saudiyya, wanda tun 2024 ba a barin alhaji ya shiga wuraren ibada sai da shi, su zauna tare a 'yar jakar wuya, kuma ba a cire su sai za a yi wanka.

Mataki na biyu: waya da abin da zai raya ta

A nan ne ya kamata a kashe kuɗi da hankali, domin waya ita ce taswira, ita ce hanyar neman 'yan tawaga, ita ce kuma ake nuna izinin shiga Rauda da ita ta manhajar Nusuk. Na'urar farko da za ka saya ita ce fawabank, wato batirin ajiyar caji, kuma sayenta yana da ƙa'ida. Dokar jiragen sama ba ta yarda a saka ta a babbar jakar da za ta shiga cikin ɗakin kaya ba, saboda batirin litiyom yana iya kamawa da wuta, don haka a jakar hannu take tafiya. Ƙarfinta kuma kada ya wuce 100Wh, daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka kuwa ba ya hawa jirgi ko kaɗan. Lissafin ba shi da wuya: ka ninka adadin mAh da aka rubuta a jikinta da 3.7, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne Wh ɗinta. Mai 20,000 za ta ba ka 74, ta shiga cikin ƙa'ida, mai 30,000 kuwa za ta ba ka 111, ta fita. A ganina mai 20,000 ita ce daidai, ko kuma biyu masu 10,000 ga mata da miji, tunda a Minna tantin maza dabam ne, na mata dabam.

Kasuwanninmu cike suke da waɗanda aka rubuta musu 50,000 ko fiye, alhali cikinsu bai kai rabin haka ba, kuma asararsu biyu ce: ba su riƙe caji, sannan rubutun ƙaryar da ke jikinsu shi ne zai sa a ƙwace su a wurin bincike. Haka wadda rubutun jikinta ya goge, jami'i yana da damar hana ta wucewa tunda ba zai iya tantance ƙarfinta ba. Hanyar gane ta gari ita ce gwaji a gida. Ka cika ta, ka bar wayarka ta kusa mutuwa, ka yi ta caji da ita kana ƙirgawa. Sahihiyar mai 20,000 tana cika waya mai batirin 5,000 kamar sau biyu da rabi zuwa uku, domin wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Idan ta gaza sau biyu, ka mayar wa mai shago tun kana gari. Ka kuma sani cewa wasu kamfanonin jirage sun hana a yi caji da ita a cikin jirgi, saboda haka ka hau da wayarka a cike.

Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne masu faɗi, irin wanda aka sani a Najeriya da Gana, wutar kuma 230 ce, don haka cajar mutumin Kano ko Kumasi za ta shiga kai tsaye. Maniyyacin da ya taso daga Nijar ko Kamaru ko Cadi, inda aka saba da caja mai ƙafa biyu zagayayyu, shi ne yake bukatar adafta, kuma gara ya saye ta a Maraɗi ko Garwa da ya tsaya nema a Madina da gajiyar jirgi. Abin da kowa zai gode wa kansa a kai shi ne ƙaramin ekstenshan mai baki uku ko huɗu da wurin USB. A tantin Minna mutane da yawa ne suke layi a kan soket kaɗan, kuma wanda ya zo da ekstenshan ba ya roƙon a cire wayar wani, sai ma a riƙa yi masa addu'a. Ka haɗa da wayar caji guda biyu, domin ita ce ta fi saurin lalacewa, ka kuma manna wa kan cajarka salatif mai launi, tunda farar caja duk kama ɗaya ce.

Ina ba da shawarar a tafi da 'yar ƙaramar waya mai madannai a matsayin ta biyu, musamman ga dattawa. Tana kwanaki ba ta nemi caji ba, rana ba ta sa ta ɗauke kamar yadda babbar waya ke yi idan ta yi zafi, kuma idan ta faɗi a cunkoso asarar ba ta da yawa.

Game da layi, kafin ka tashi ka tabbatar an buɗe layinka na gida ya yi aiki a ƙasar waje, domin saƙonnin banki ta nan za su zo, amma ka kashe masa data, in ba haka ba katinka zai ƙare kafin ka fita daga filin jirgi. Idan ka sauka ka sayi layin can, na STC ko Mobily ko Zain, a rumfar kamfanin da kanta, inda za a yi maka rajista da fasfo ɗinka. Kada ka karɓi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, duk arharsa. Idan WhatsApp ya tambaye ka ko za ka sauya lamba, ka bar shi a kan tsohuwar, domin ita iyalinka suka sani. Ka adana lambobi biyu tun a ranar: 911 ta gaggawa a yankin Makka, da 997 ta motar asibiti. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, abin da ya kamata mai shan magani a kan lokaci ya lura da shi.

Mataki na uku: maganin ɓata

Ɓata a Makka ba na ƙauyawa kaɗai ba ne. Na ga wani dattijo mai ilimi, tsohon ma'aikaci, zaune a gefen titi a Minna bayan jifa, takalmi ɗaya a ƙafa, wayarsa a mace, yana cewa tantinsu fari ne kuma yana kusa da wata gada. Duk tantunan Minna farare ne, kuma gadoji ba su ƙirguwa. Abin da ya cece shi shi ne lambar da ke jikin abin shaidar da ke ɗaure a hannunsa.

Tun kana gida, inda data take da sauƙi, ka sauke taswirar Makka da ta Madina a Google Maps yadda za su buɗe ko babu intanet. Da ka isa masauki, kafin ka kwanta, ka tsaya a bakin ƙofa ka dasa alama a taswirar, ka ɗauki hoton ginin da allon sunansa da shagon da ke kusa, ka karɓi katin otal ka saka a jakar wuya. Haka za ka yi a Minna: hoton allon da ke ɗauke da lambar sansani da ta titi. A Harami kuwa ka riƙe lambar ƙofar da ka shiga, domin kowace ƙofa da lambarta, misali ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad kuma ta 79. Dogon benen agogo, mai tsawon mita 601, ana hango shi daga nesa, don haka ka lura ko yana damanka ko hagunka idan ka fito za ka koma masauki. Idan kuna tare da tsohuwa ko tsoho, ku yanke wurin haɗuwa takamaimai kafin ku shiga ɗawafi, ku faɗi lambar ƙofa, ba "bakin masallaci" kawai ba.

Akwai 'yan na'urorin bin sawu masu girman kwabo, irin su AirTag da SmartTag, da ake jefawa cikin jaka ko a rataya wa dattijo a jakar wuyansa. Suna aiki ne ta hanyar wayoyin mutanen da ke kusa, kuma a wuri mai cunkoso kamar Makka hakan ba ya wuya. Sai dai AirTag da iPhone take tafiya, SmartTag kuma da wayar Samsung, saboda haka ka duba wayarka kafin ka saya.

Mataki na huɗu: zafi da ƙafa

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutane sama da 1,300, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izini ba, suka yi doguwar tafiya a rana babu mota babu tanti. Mutumin Sakkwato ko Agadas yana iya cewa ya saba da rana, amma a gida ba ya tafiyar kilomita da yawa a kan kwalta tsakar rana, kai a buɗe, cikin dubban mutane. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zuwa jifa da dawowa.

Laima ita ce gaba, mai naɗewa, mai haske ba baƙa ba. Sai gorar ruwa mai riƙe sanyi wadda za ka riƙa cikawa da Zamzam, da 'yar robar feshi da za ka riƙa fesa wa fuska da wuya. Ƙaramar fankar caji ta hannu ko ta wuya tana taimakawa a cikin tanti, amma a rana tsaka iska mai zafi kawai take hurowa idan ba ka fara jiƙa fuskar ba, don haka ban ɗauke ta da muhimmancin laima ba. Ka sayi ƙunshin gishiri da sukari na kemis kamar goma, domin ruwa kaɗai ba ya mayar da abin da gumi ya fitar. Idan sun ƙare, ana haɗawa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Fawabank da waya kuma kada a bar su a rana, batirinsu yana kumbura.

Takalmi shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa, domin mutane suna sayen sabo su adana shi sai ranar tafiya, ya yanke su a kwana na biyu. Ka sayi mai taushin ƙasa wanda bai rufe idon sawu ba, ka riƙa zuwa masallaci da kasuwa da shi tun saura mako uku, wanda hakan zai zame maka motsa jiki ma. Ka ɗinka ko ka sayi 'yar jakar zare da za ka saka shi ka goya idan za ka shiga Harami. Marmaran da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi, shi ya sa mutum yake mantawa, amma wanda ya fito bai ga takalminsa ba ya taka kwalta, tafin ƙafarsa zai saɓule, kuma ga mai ciwon suga wannan babban haɗari ne tunda ba lallai ya ji zafin da wuri ba. Ga maza, tunda babu wando a cikin harami, cinyoyi suna gugar juna har su yi ciwo, kuma maganinsa shi ne a shafa man baselin marar ƙamshi kafin a fita. Sabulu ma marar ƙamshi za a nema. Bel mai aljihu mai zif yana riƙe harami, yana kuma ɓoye kuɗi, amma kada a tara guzuri duka wuri ɗaya: na yini a aljihu, saura a ɓoye. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, saboda haka duk mai canjin da ya yi nisa da wannan ka wuce shi.

Mataki na biyar: jakar hannu da babbar jaka

A jakar hannu, wadda ya fi kyau ta zama ta goyo, za a saka fawabank da caja da kaya kala ɗaya da magani. Idan jirginka Jidda zai sauka kuma Makka za ka wuce, kayan harami ma a nan za su kasance, domin kana sama za a ratsa miƙati. Wanda zai fara da Madina kuwa sai a Zulhulaifa zai ɗaura. Duk wani abu mai ruwa kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Almakashi da reza da abin yankan farce su tafi babbar jaka. Magani ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita, a ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiya da mako guda ko biyu saboda jinkirin jirgi, insulin kuma a 'yar jakar sanyi a hannu, ba a ɗakin kaya ba. Wannan jakar ce za ta koma jakar Minna daga baya, inda za a ƙara mata siririyar shimfiɗa don kwanan Muzdalifa, wanda a fili ake yinsa, da ƙaramar tocila, da takunkumi, da 'yar jakar tsakuwa 49 ko 70 gwargwadon kwanakin da za a yi.

Goro ba ya shiga Saudiyya, duk yadda baki ya saba, kuma hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, tana nanata wannan kowace shekara. Risho da tukunyar gas ma haramun ne a tanti, dokar da ta samo asali daga gobarar Minna ta 1997 wadda ta ci rayuka sama da 300.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne saƙo. Kada ka karɓi ƙunshin kowa, ko na maƙwabci ne, sai ka buɗe ka ga abin da ke ciki da idonka, domin hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a can bayan an liƙa sunanta a jikin wata jaka mai ɗauke da Tramadol wadda ba tata ba, kuma sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Don haka a wurin awo ka tsaya a kan kayanka har a liƙa musu takarda, ka ƙirga 'yan rasiɗan da aka ba ka su yi daidai da yawan jakunkunanka, ka ɗauki hoton kowace jaka a kan sikeli, kuma kada ka miƙa fasfo ga wanda ya ce zai taya ka awo. Tunda jakunkunan da hukumomin jiha suke rabawa iri ɗaya ne, ka ɗaura wa taka ƙyallen atamfa mai ɗaukar ido a hannu, ka rubuta suna da lambar waya a waje da kuma a cikin murfi.

Mataki na ƙarshe: dawowa

Na'urar da ba a tunawa da ita sai ranar dawowa ita ce sikelin hannu mai ƙugiya, wanda bai fi tafin hannu ba. Alhazan Najeriya sun daɗe da sanin kilo 32 na babbar jaka da 8 na ta hannu, amma ka tambayi ƙa'idar shekararka a wurin bita, ko a kamfaninka idan ta jirgin yawo za ka tafi. Dabino da darduma da jallabiya suna da nauyin da ido ba ya gani, kuma babu abin tausayi kamar Hajiya durƙushe a wurin awo tana zaɓen tsarabar wa za ta bari. Ka riƙa auna jaka duk ranar da ka yi sayayya, ka tsaya da saura kilo ɗaya, domin sikelinka da na filin jirgi ba lallai su zo daidai ba. Abin da ya yi yawa a tura shi ta kago tun da sauran kwanaki, a karɓi rasit. Kada ka ɓoye gorar Zamzam a tsakiyar tufafi, na'urar bincike tana ganinta, za a buɗe jakar a cire, wani lokaci ma jakar ta makara ba ta biyo jirginka ba. Lita biyar da aka tanada ta hanyar hukuma ko kamfanin jirgi ita ce za ka karɓa.

Daren tashi ka cika waya da fawabank, ka ciro layinka na gida daga inda ka adana shi ka mayar, ka fitar da almakashi da turare masu manyan kwalabe daga jakar goyo zuwa babbar jaka, sannan ka ajiye rasiɗan kaya a jakar wuya tare da fasfo, domin da su za ka nemi jakarka idan ba ta fito ba a filin jirgin gida.